ƘARYA FURE TAKE YI: MU SAN ABIN DA MUKE AJIYEWA A TSAKAR GIDA

  A wannan fitowa zan ɗan kauce daga maganar hawan jini da ƙarancin jini da muka saba yi a ɗakin awo, domin in ja hankalinki a kan wata fulawa da na lura ta fara yawa a gidajenmu na cikin birni, musamman gidajen amare da masu ƙananan yara.

Bari in fara da abin da ya faru da ni. Lokacin haihuwata ta fari, ina wankan jego a gidanmu, wata ƙawata ta zo barka da tukunyar fulawa mai ban sha'awa, gindinta a kumbure, furenta ja da fari. Na yi murna, na sa aka ajiye ta kusa da randa domin ta riƙa samun ruwa. Da la'asar kakata ta fito alwala, ta tsaya ta ƙura mata ido, sannan ta juyo ta ce da ni, "Ke kishiya, wa ya shigo mana da ƙarya har gindin randa?" Na ɗauka tsokanar da muka saba ce, na yi dariya. Ta ce, "Ba wasa nake ba. Da irin wannan maharba ke haɗa dafi." Nan take ta kira yaro ta sa ya hau da ita saman soro. A ranar ina riƙe da takardar shaidar aikin jinya da ta ungozoma, amma tsohuwar da ba ta taɓa zama a aji ba ta fi ni sanin abin da na ajiye kusa da ruwan shanmu. Da na koma aiki na bincika, na tarar gaskiya ta faɗa.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: duk gidan da ke da mai ciki, ko mai jego, ko yaron da bai kai hankali ba, bai kamata a bar wannan shuka a inda hannu zai kai gare ta ba, kuma kada ruwanta ya shiga bakin kowa da sunan magani. Ga dalilaina.

YADDA ZA KI GANE TA

Sunanta na Hausa ƙarya, kuma tsohon suna ne. Wani likita Bature mai suna Dalziel, wanda ya yi aiki a ƙasar Hausa, ya sa ta cikin sunayen tsirran Hausa da ya tattara ya buga a 1916. Masana tsirrai suna kiranta Adenium obesum, kalma ta biyun kuwa ma'anarta "mai ƙiba". Masu sayar da fulawa a bakin titi sun fi kiranta da sunan Turanci mai ma'anar furen hamada, shi ya sa da yawa daga cikinmu muke ɗauka baƙuwa ce daga ƙasar waje. Alhali 'yar ƙasa ce. Tana fitowa da kanta a busassun wurare tun daga Sanagal, ta bi ta Nijar da arewacin Nijeriya da Cadi da Sudan, har gabashin Afirka da kudancin ƙasar Larabawa.

Abu na farko da zai nuna miki ita shi ne gindinta. A kumbure yake kamar tulu, sai ki ce 'yar ƙaramar kuka ce, kuma a nan take ajiye ruwan da zai kai ta ƙarshen rani. Ɓawonta sumul ne, launin toka. Rassanta kaurara ne masu taushi, ba su da ƙaya. Ganyenta yana da kauri da sheƙi, ya fi faɗi ta wajen ƙarshensa, tsawonsa daga santimita 5 zuwa 15, kuma a tattare yake a kan reshe kamar tuntu. A daji takan wuce tsawon mutum, amma a tukunya ba ta cika wuce gwiwa ko ƙugu ba, wato daidai tsawon yaro mai koyon tafiya.

Furenta kamar ƙaramin mazurari yake, bakinsa ya rabu gida biyar, gefensa ja ko ruwan hoda, cikinsa fari-fari. Ta fi yin fure da rani, sau da yawa bayan ta zubar da ganye, lokacin da komai ya bushe a gari ita kuwa ta yi jawur. Yanzu akwai irin da aka yi wa aure a ƙasashe irin su Tailan, masu fure fari ko ja wur ko mai ninki biyu. Launi ne kawai ya canza, gubar tana nan.

Kin san karin maganar nan da ke cewa ƙarya fure take yi, ba ta 'ya'ya. Ita ma shukar da wannan hali aka san ta. Gaskiyar magana tana yin 'ya'ya, wasu dogayen kwafsa guda biyu a haɗe kamar ƙahon akuya, waɗanda in sun bushe suke fashewa iska ta kwashe irin, mai gashi kamar audugar tumfafiya. Abin da ya sa ba a cika ganinsu a gari ba shi ne galibi reshe ake karyowa a dasa, furen shuka ɗaya kuwa ba ya cika yi wa kansa barbara sai ƙwari sun kawo ƙurar fure daga wata daban.

Idan aka karya reshe ko aka tsinki ganye, wani ruwa mai danƙo yana fitowa, wani lokaci garau, wani lokaci fari-fari, mai tsananin ɗaci. A nan gizo ke saƙa.

ABIN DA GUBARTA KE YI WA ZUCIYA

Saiwa da gindi da ɓawo da ganye da fure da iri, babu inda babu guba a jikin ƙarya. Masana sun gano kusan iri 30 na wasu sinadarai a cikinta waɗanda kai tsaye zuciya suke nufa. Saboda haka ne maharba a sassa da yawa na Afirka suka daɗe suna dafa ruwanta su shafa wa kibiya, masunta kuma suna zuba ta a ruwa kifi ya taso. Danginta ɗaya da ƙwanƙwani, wanda maharban ƙasar Hausa suka fi sani wajen haɗa dafi, haka kuma da tumfafiya. A lura da kyau: dafa ta ake yi kafin a shafa wa kibiya. Ke nan tafasawa ba ta kashe gubar, shanyawa ma ba ta kashe ta.

Zuciya tana bugawa ne da wata 'yar wutar lantarki da take haɗawa da kanta, ta hanyar shigar wasu gishirai biyu cikin tsokarta da fitarsu, wato sodiyam da fotashiyam. Gubar ƙarya tana toshe hanyar da ke musayar waɗannan gishirai. Idan kaɗan ce ƙwarai, bugun yakan ƙara ƙarfi ya rage sauri. Idan ta ɗan wuce haka, sai bugun ya yi ta raguwa, ya riƙa tsallake, ya rikice, har zuciyar ta tsaya.

Mu ma a asibiti muna da magani mai irin wannan aiki, sunansa digoksin. Asalinsa daga wata fulawa ce ta ƙasar Turai, wadda wani likita a Ingila mai suna William Withering ya bayyana amfaninta ga masu kumburin jiki a 1785, aka kuma tace maganin kansa a 1930. Amma dubi yadda ake ba da shi. Babbar ƙwayar da aka saba bayarwa kashi ɗaya cikin huɗu ne na miligiram, kuma likita sai ya duba ƙodar mutum da bugun zuciyarsa, domin tazarar da ke tsakanin adadin da ke warkarwa da wanda ke kisa 'yar kaɗan ce. To ina ga wanda ya jiƙa saiwa a kwano ya auna da ludayi? Babu mai iya cewa ga yawan gubar da ke cikin ludayin nan, ko da shi ya haɗa.

ME YA SA NA FI JIN TSORO GA MAI CIKI DA MAI JEGO?

Na farko, zuciyarki tana aikin mutum biyu. Kafin ciki ya tsufa jinin jikinki yana ƙaruwa da kusan rabin yadda yake, bugun zuciya kuma yana ƙaruwa da kamar 10 zuwa 20 a minti ɗaya. Zuciyar da ke ɗauke da wannan kaya ba ta da sararin ɗaukar wani.

Na biyu, irin wannan sinadari yana ratsa mabiyiya ya isa ga jariri. Likitoci sun tabbatar da haka, domin idan zuciyar ɗan tayi tana gudu fiye da kima, uwar ake ba digoksin ya kai gare shi. Abin da kika haɗiya, shi ma ya samu rabonsa.

Na uku, alamomin farko su ne tashin zuciya da amai da ciwon ciki da jiri da kasala. Wace mai ciki ce ba ta san waɗannan ba? Sai a ce laulayi ne, a ba ta lemon tsami ta kwanta, lokaci yana tafiya.

Na huɗu shi ne wanda ya fi damuna. Ciwon zuciyar da ke kama mata a ƙarshen ciki ko bayan haihuwa, mai zuwa da haki da kumburin ƙafa da kasa kwanciya sai an jingina, ya yi yawa a ƙasarmu. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta yawansa, binciken da aka yi daga baya a Kano ma ya nuna haka. Da yawa daga cikin waɗannan mata suna shan digoksin tare da ƙwayar sa fitsari, wadda ke rage fotashiyam a jini, raguwarsa kuwa tana ƙara wa gubar kaifi. Idan irin wannan baiwar Allah ta ƙara da jiƙon da ke da ƙarya ko tumfafiya a ciki, ta sha magani biyu masu aiki ɗaya ba ta sani ba.

Kada ki ce wa zai sha fulawa. A ƙasashen Sahel an daɗe ana ɗiga ruwan ƙarya a kogon haƙori da kan gyambo, ana kuma dafa saiwarta don ciwon sanyi. Na taɓa karɓar wata mai ciki wata bakwai da ta zo awo da dasashi a kumbure ya yi miki. Da na matsa da tambaya, sai ta ce haƙori ne ya hana ta barci, ta ji tsoron zuwa wurin likitan haƙori don an ce ba a taɓa haƙorin mai ciki, wata maƙwabciya ta karyo mata reshe daga tukunyarta tana ɗigawa safe da yamma. Muka auna zuciyarta da ta jaririn, Allah Ya kiyaye ba abin da ya taɓa su, wataƙila saboda ɗacin ya sa tana tofarwa. Amma da ta daure tana haɗiyewa fa? Ina so ki sani, mai ciki tana iya ganin likitan haƙori, akwai kuma maganin ciwo da ya dace da ita.

"AI KAKANNINMU SUN ZAUNA DA ITA LAFIYA"

Na san wani zai faɗi haka, kuma akwai gaskiya a maganarsa. Ƙarya ba ta harbi, ba ta cizo. Wucewa kusa da ita ko shaƙar furenta ba ya cutar da mai ciki. Ɗacinta ma yana sa yawancin yara su tofar tun kafin su haɗiye, shi ya sa ba kullum ake kawo mana wanda ya ci ta ba. Ba ina cewa a bi gari ana tuge ta ba. Shuka ce mai kyau, mai haƙurin ƙishirwa, wadda ta dace da ƙasarmu fiye da fulawoyi da yawa masu shan ruwa kamar raƙumi.

Sai dai kakanninmu sun zauna da ita ne da sani. Sun san sunanta, sun san aikinta, yaro kuma yana tashi ana kwaɓarsa a kanta. Yau ta dawo mana cikin fentin tukunya da sunan Turanci, ta bar sanin a baya. Mai sayarwa zai gaya miki sau nawa za ki ba ta ruwa, amma ba zai ce miki guba ba ce, wataƙila shi ma bai sani ba.

Sannan ki dubi yadda gidajenmu suke a Yakasai ko Mandawari ko Gwale ko gindin Dala. Gidan da da na mutum ɗaya ne an raba shi gida uku ko huɗu, tsakar gida ta tsuke. A wannan ɗan fili ake girki, a nan ake wanki, a nan randa take, a nan akuya ke ɗaure, a nan yaran gida da na maƙwabta suke wasa. 'Yan mata ƙanana suna wasan girki da gwangwani, duk ganyen da suka samu shi ne kayan miya, sukan kuma ɗura wa ƙaninsu. Ke kuma ga nauyin ciki, ko ga jariri a hannu, ba za ki iya bin mai rarrafe ko wanda aka yaye duk inda ya nufa ba. Yaro mai kilo 10 kuwa, abin da babba zai ci ya tsira da amai shi yana iya kayar da shi.

'YAN UWANTA GUDA BIYU

Akwai wasu fulawoyi biyu na danginta da ake shukawa a makarantu da ma'aikatu da bakin gidaje, waɗanda gubarsu iri ɗaya ce da tata. Ta farko ita ce oliyanda, doguwa mai rassa da yawa daga ƙasa, ganyenta dogo mai tsini da tauri, furenta ruwan hoda ko fari ko ja a dunƙule. Ta biyu mai rawayen fure ce kamar bakin algaita, ganyenta siriri mai sheƙi, tana yin ɗa kore mai kusurwa wanda ke baƙi in ya nuna, da ƙwallo a ciki. Asalinta daga nahiyar Amurka ne. Ita ce ta fi haɗari ga yara domin suna wasa da ƙwallon suna fasawa, kuma asibitocin ƙasar Siri Lanka sun karɓi dubban mutanen da suka ci shi, da yawa sun rasa rayukansu. Duka biyun suna fitar da ruwa in an karya su. Kada a yi asuwaki ko tsinken nama ko muciya da itacensu, kada kuma a hura wuta da su.

ABIN DA ZA A YI A GIDA

1. A ɗauke tukunyar daga tsakar gida, a kai ta inda yaro ba ya kaiwa ko da ya taka kujera. Idan babu irin wannan wuri, a bayar da ita ga gidan da babu yara, a kuma gaya musu ko mece ce.

2. A riƙa share furen da ganyen da suka zubo.

3. Mai ciki ta bar wa wani aikin yanke rassa. Mai yankewa ya sa safar hannu ko leda, ya wanke hannu da wuƙar da sabulu, kada a yi da wuƙar girki.

4. Rassan da aka yanke a ƙulle su a leda a zubar. Kada a jefa su a rijiya ko kududdufi ko gaban dabbobi.

5. Kada a ɗiga ruwanta a haƙori ko gyambo ko kan yaro, balle cibiyar jariri. Cibiya tana da nata maganin shafawa, kulohekzidin, wanda za mu nuna miki yadda ake sa shi.

6. A ruwan wankan jego a tsaya ga ganyen da aka sani, kada a ƙara da wanda ba a san sunansa ba.

IDAN TSAUTSAYI YA AUKU

Idan yaro ko babba ya ci wani sashe nata, a cire abin da ya rage a baki, a kurkure da ruwa, a nufi asibiti nan take ko da yana wasansa. Gubar takan ɗauki sa'o'i kafin ta taɓa zuciya, ta mai rawayen furen ma takan kai kwana ɗaya ko biyu. Kada a tura masa yatsa a maƙogwaro, kada a ɗura masa manja ko madara ko ruwan gishiri. Ba sa karya wannan guba, kuma suna iya sarƙe shi su faɗa huhu. Idan a ido ruwan ya faɗa, a yi ta zuba ruwa mai tsabta na minti 15 kafin a taho.

A zo da reshe ko fure a leda, ko a ɗauki hotonta a waya, a kuma riƙe lokacin da abin ya faru. Mai ciki ta zo da katin awonta da duk magungunan da take sha, har da na gargajiya. A cikin birni Asibitin Murtala yana kusa da Ƙofar Mata, yara kuma akwai Asibitin Hasiya Bayero, sashenmu na gaggawa ma a buɗe yake dare da rana. Wanda ya fi kusa shi za a fara zuwa.

Alamomin da ke nuna abin ya yi nisa su ne amai ba ƙaƙƙautawa, dalalar da miyau, gudawa, yawan barci, ganin abubuwa rawaya-rawaya, suma, da bugun zuciya mai tsallake ko wanda ya sauka ƙasa da 60 a minti ga babba. A asibiti za a sa na'urar auna bugun zuciya, a gwada gishirin jini, a ba da wani gawayi na musamman mai kama guba a hanji, wanda ba irin na murhu ba ne, a yi allurar da ke ɗaga bugun zuciya idan ya sauka, a kuma saurari zuciyar jariri. Akwai allurar da ke karya gubar kanta, amma tana da tsada ƙwarai kuma ba ko'ina ake samunta ba. Shi ya sa zuwa da wuri ya fi komai.

Don Allah a faɗa mana gaskiyar abin da aka sha. Ba za mu yi faɗa ba. Faɗan ma da za a yi, ya fi a ɓoye mana muna maganin laulayi alhali guba ce ke aiki.

KIRA GA MAIGIDA DA IYAYENMU

Maigida, yau in ka koma gida ka zaga tsakar gida da ƙofar gida ka dubi abin da aka shuka. In za ka sayi fulawa, ka tambayi sunanta, ka tambaya ko tana fitar da ruwa in an karya ta. Masu sayar da fulawa kuma muna roƙonku, kalma ɗaya ce, "a nesanta ta da yara", ba za ta rage muku ciniki ba.

Iyayenmu da kakanninmu, ku ne kuka san waɗannan itatuwa da sunayensu tun kafin a haife mu. Ku riƙa faɗa mana kamar yadda kakata ta faɗa min, ko da za mu yi dariya. Haka kuma duk jiƙon da za a ba mai ciki ko mai jego, a san abin da ke cikinsa ɗaya bayan ɗaya, a kuma bari ta tambaye mu a ranar awo kafin ta kai baki.

Ita dai tukunyar tawa har yanzu tana saman soro a gidanmu, duk rani sai ta yi fure, muna kallonta daga ƙasa. In kina da wata shuka a gida da kike shakka a kanta, ki ɗauko hotonta ranar awonki ki nuna wa kowace daga cikinmu.

Allah Ya raba ku lafiya, Ya raya mana abin da za a haifa, Ya kare mu daga tsautsayi. Amin.